Gashin da Ke Share Huhu

A lokacin hunturu, duk wanda ya ratsa Bata zuwa kasuwar Sabon Gari yana shaƙar ƙura da hayaƙin adaidaita sahu. Abin da ke hana dattin nan taruwa a ƙirji wani gashi ne da ido ba ya gani, jere a hanyar iska daga hanci har cikin huhu. Yana kaɗawa fiye da sau 10 a daƙiƙa, yana tura majina sama, mutum ya yi kaki ya tofar.

A ƙarƙashin na'urar ƙara girma mai ƙarfi, cikin kowane sili akwai tagwayen bututu 9 da suka kewaye wasu 2 a tsakiya, da 'yan hannaye masu jan su. Haka ma aka gina bindin ƙwayar maniyyi. Wannan kamannin ne ya tona asirin wata cuta.

A 1933 Manes Kartagener, likita a Zurik, ya bayyana marasa lafiya masu toshewar hanci kullum, da lalacewar hanyoyin iska, ga zuciyarsu a dama. Ba wanda ya gane abin da ya haɗa ukun sai a 1976, da Bjorn Afzelius na Suwidin ya binciki mazan da maniyyinsu ba ya motsi, ya tarar babu hannayen nan. Su ma suna fama da tari tun yarinta. Zuciyar kuwa, irin wannan gashin ne ke nuna wa kayan ciki hagu da dama tun ɗan tayi. Idan bai motsa ba sai abin ya zama canki-canka, shi ya sa kusan rabin masu cutar ke da zuciya a dama.

Gadonta ake yi kamar sikila: sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita, sannan kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar. A wurinmu yaro mai irin wannan tari sai a ce asma ce ko tarin fuka, in ya girma bai samu haihuwa ba kuma a ɗora wa matarsa, alhali gwajin maniyyi zai iya raba gardama.

Har yanzu babu maganin da ke gyara gashin. Ana dai bubbuga ƙirji kullum don majina ta fito, a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta idan ciwo ya tashi, a yi rigakafi, a guji hayaƙi.