Me Ya Sa Ruwa Ba Ya Wanke Gamalin Daga Kifi?

'Yan'uwa, tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, kifin tafkin nan ke ciyar da gidaje da yawa a Warra, Ngaski, Yawuri da Shanga. An san wasu masunta da zuba maganin ƙwari, Gamalin 20, a ruwa don kifi ya taso sama. Mukan ji ana cewa, "In an wanke kifin sosai, shi ke nan." Ba haka ba ne. Ga dalili.

Kowane abu an gina shi da ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani. Ƙwayar ruwa tana da gefe biyu masu ɗan cajin lantarki, ɗaya kishiyar ɗaya, don haka tana kama abin da ke da irin wannan caji. Ƙwayar sukari tana da hannuwa da yawa na oksijin haɗe da haidurojin. Su ne ruwa ke kamawa, shi ya sa sukari ke narkewa cikin koko. Kananzir da man gyaɗa kuwa yawancin jikinsu kabon ne da haidurojin, babu inda ruwa zai riƙe. Sai dai su narke cikin ɗan'uwansu mai.

Gubar da ke cikin Gamalin ana kiranta linden. Ba ta da irin hannuwan sukari, saboda haka tana gudun ruwa, tana shigewa cikin kitsen kifi. Babban kifi, kamar giwan ruwa, yana cin ƙanana, gubar tana taruwa a jikinsa. In muka ci, ta zauna a kitsenmu, har ta shiga nonon uwa. Tana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. A 2009 Yarjejeniyar Stockholm ta hana amfani da ita a gona, a 2015 kuma masu binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa ta cikin abubuwan da ke kawo cutar.

Sabulu fa? Ƙwayarsa tana da kai mai son ruwa da doguwar wutsiya mai son mai. Wutsiyar ta kama maiƙo, kan ya bi ruwa, su tafi tare. Don haka mu wanke hannu da tufafi da sabulu bayan feshi a gona. Amma sabulu ba ya kaiwa cikin naman kifi.

Kada mu zuba guba a ruwa. Kada mu kwashe kifin da muka tarar ya mutu da yawa a bakin tafki. Kada mu zuba man girki a galan ɗin maganin feshi, ko da an ɗauraye shi. Mu faɗa wa maƙwabtanmu.