Inda Ji Ya Kori Gani

Fim ɗin Touch of Evil, wanda Orson Welles ya shirya a 1958, ya buɗe ne da hannun wani mutum yana murɗa agogon bam. Mutumin ya ruga ya cusa bam ɗin a but ɗin wata mota, ya ɓace. Can sai ga wani attajiri da budurwarsa sun shiga motar, sun kama hanya da dare cikin wani gari na kan iyakar Amurka da Meksiko. Kyamara ta yi sama, ta tsallake rufin gidaje, ta sauko tana biye da su. Ɗan sanda ya tsai da su, awaki sun tare hanya, masu tura amalanke na giftawa. Ga wasu ango da amarya suna tafe a ƙasa, motar ta wuce su, su cim mata, ta sake wucewa. Minti uku da 'yan daƙiƙoƙi ba a yanke hoton ba ko sau ɗaya. Mai kallo ya san abin da ke cikin but, mutanen titi ba su sani ba.

Wanda ya kalli fim ɗin a silima a waccan shekara ya ga wannan tafiya ne da sunayen 'yan wasa a rubuce a kan hoton, ga kiɗan Henry Mancini yana tashi da ganguna da bushe-bushe. Kiɗa ne mai daɗi, ba wanda zai kushe shi, amma abin da yake gaya wa mutum shi ne ya gyara zama, fim bai kankama ba tukuna. Ba haka Welles ya so ba. Kamfanin Universal ya riga ya karɓe aikin daga hannunsa ya sake yanka shi, kuma da aka nuna masa abin da aka yi, sai ya zauna ya rubuta musu takarda mai shafi 58 yana roƙon gyare-gyare. Aka yi biris da mafi yawansu. Welles mutumin rediyo ne tun kafin ya shiga fim, shi ne wanda wasan kwaikwayonsa na 1938 kan mamayar halittun duniyar Mas ya tsorata masu saurare a Amurka, saboda haka ya san abin da kunne ke iya yi. Abin da ya nema a wannan buɗewa shi ne a bar titi ya yi kiɗansa da kansa.

Sai a 1998, shekara goma sha uku bayan rasuwarsa, Walter Murch, gwanin haɗa hoto da sauti, ya ɗauki waccan takarda ya bi ta. Ya share sunayen, ya ɗauke kiɗan Mancini daga wurin. Yanzu abin da ake ji shi ne kiɗan da ke fitowa daga ƙofar wannan mashaya, ya dushe, na wata ya karɓa, da takun mutane, da kukan awaki, da rediyon motar kanta. In motar ta matso rediyonta ya ƙaru, in ta yi nisa ya ragu. Ba ka ankara ba kunnenka ya zama ɗan leƙen asiri, yana auna maka nisan bam daga ango da amarya. Har lokacin da budurwar ta yi wa jami'in kan iyaka ƙorafin tana jin wata ƙara kamar ta agogo, maganar ta fi shiga jiki, don kai ma sauraro kake yi. Hoton nan shi ne dai na 1958, amma tsoron sabo ne.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A silima abin ya sha bamban. Ido yana kawo labarin abin da ya faru, kunne ne ke yanke hukuncin yadda za a ɗauke shi, kuma yana yin haka a ɓoye. Mu da muka tashi da kallon fina-finan Indiya ba baƙi ba ne a nan: duk wanda ya san wani fim da harshensa na asali, daga baya ya kalle shi da fassarar Hausa, ya ga yadda murya kaɗai ke mai da mugun da ake tsoro ya zama abin dariya.

Abin da za mu kira zubin darakta shi ne fim kamar yadda mai ba da umarni ya so a gan shi, saɓanin zubin da kamfani ya kai kasuwa. A Holiwud kamfanin da ya zuba kuɗi ne yawanci ke da maganar ƙarshe, daraktoci kaɗan ne yarjejeniyarsu ta ba su wannan iko. Kafin a saki fim akan tara 'yan kallo na gwaji, a raba musu takardu su faɗi ra'ayinsu. In sakamakon ya yi muni hankalin kamfani ya tashi, kuma sauti ne wurin da hannu ya fi saurin kai wa. Sake ɗaukar hoto yana bukatar a dawo da 'yan wasa, a sake gina dandali, a kashe miliyoyi. Sauya kiɗa kuwa mawaƙi ɗaya da 'yan makonni sun isa.

Haka ta faru da Legend, tatsuniyar da Ridley Scott ya yi da Tom Cruise, labarin wani iblis mai jan jiki da manyan ƙahoni da ke son hallaka dawakai masu ƙaho ɗaya don duhu ya rufe duniya. Jerry Goldsmith ya rubuta masa kiɗa na cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, da goge-goge da sarewa da amshin muryoyi, har da waƙoƙin da gimbiya Lili ke rerawa a daji. Da wannan kiɗa fim ɗin ya fita a Turai a 1985. Amma kallon gwaji a Amurka bai yi armashi ba, sai Universal ya ga matasa ake bukata su cika silima, Scott ma gabansa ya faɗi ya amince. Aka rage fim ɗin zuwa minti 89, aka ɗauko Tangerine Dream, ƙungiyar Jamusawa masu kiɗan na'ura, aka ba su kamar mako uku, aka ƙara da waƙoƙin Jon Anderson da Bryan Ferry. Wannan ne Amurkawa suka gani a 1986. Da kiɗan Goldsmith, dajin tsoho ne, kamar tatsuniyar da kaka ta gada daga kakarta. Da na Tangerine Dream, dajin ya koma mafarki mai sanyi na shekarun 1980, mai walƙiya kamar bidiyon waƙa. Ni dai na Goldsmith ya fi kwanta mini, don ya san lokacin da zai tsorata mutum da lokacin da zai lallashe shi. Sai dai akwai tarin mutanen da suka girma da ɗayan a kaset, kuma ba mai iya gamsar da su cewa abin da ya sa su hawaye suna yara jabu ne.

Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma a nan sabon ba wauta ba ne zalla. Wani lokaci tilas ce ke haifar da abin da ya fi niyya kyau. Richard Kelly yana da shekara ashirin da 'yan kai ya yi Donnie Darko a 2001, da kuɗi kusan dala miliyan huɗu da rabi. A farkon fim ɗin wani yaro ya farka da asuba kwance a kan titin wani tsauni, ya hau kekensa ya gangara gida. Kelly ya so a ji waƙar INXS mai suna Never Tear Us Apart a wannan gangara, amma kuɗin lasisinta ya fi ƙarfin aljihunsa. Aka sa The Killing Moon ta ƙungiyar Echo & the Bunnymen. Waƙa ce mai sauri da duhu, zancenta ƙaddara ne da rashin ikon mutum a gabanta, kuma fim ɗin gaba ɗaya labarin yaron da ajalinsa ke biye da shi ne. Har sunan ƙungiyar yana da zomo a ciki, ga shi dodon da ke bayyana wa yaron da siffar zomo yake zuwa. Da fim ɗin ya yi farin jini a faifai, aka ba Kelly dama a 2004, ya ƙara kusan minti ashirin, ya dawo da waƙarsa ta INXS, ya tura ɗayar zuwa can wajen shagalin da aka yi kusa da ƙarshe. Keken nan dai shi ne, yaron shi ne, amma gangarar ta zama ta kewa da tausasawa, barazanar ta tafi. Masoya fim ɗin da yawa ba su yafe masa ba, kuma a ganina suna da gaskiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, haka ne, amma ba kullum yake sanin inda ya fi kyau ba.

Akwai kuma matsalar awo, wadda ba ruwanta da ɗanɗano. Kiɗan fim ɗinkakke ne a jikin hoto, an auna shi da daƙiƙa: bugun ganga ya faɗo daidai saukar takobi. In darakta ya ƙara rabin sa'a, riga ta yi wa jiki kaɗan. Ko dai a kira mawaƙi ya sake aiki, ko a yi ta faci. A Troy na Wolfgang Petersen, an riga an watsar da kiɗan da Gabriel Yared ya shafe kusan shekara yana yi, James Horner ya rubuta wani cikin kamar wata guda a 2004. Da aka zo zubin darakta a 2007, mai minti 196, sai aka yayyanka na Horner aka sauya masa wurare, har aka aro kiɗan Danny Elfman daga Planet of the Apes aka ɗora a karon Hector da Achilles, wurin da a da ganguna kusan su kaɗai suke riƙe da numfashin mai kallo. Labarin ya ƙara cika, kiɗan ya rame.

Sauyin da ya fi kowane girma kuwa cirewa ce kawai. Blade Runner na Scott ya rikita 'yan kallon gwaji a Denver da Dallas a 1982, sai masu kuɗin suka sa Harrison Ford, jarumin fim ɗin, ya ɗora murya yana bayanin abin da ke faruwa, aikin da shi kansa bai ɓoye cewa bai so shi ba. A kusa da ƙarshe, Roy Batty, mutum-mutumin da aka tura jarumin ya kashe, ya ceci ran jarumin a kan rufin bene cikin ruwan sama, ya zauna ya yi 'yar maganarsa, ya sunkuyar da kai ya mutu, kurciya ta tashi daga hannunsa. A zubin 1982, nan take muryar Ford ke shigowa tana lalubo mana dalilin da ya sa ya yi haka. Kamar mutum ne ya shigo gidan makoki yana fassara wa masu kuka abin da ya sa suke kuka. A zubin 1992 an cire muryar duka. Saura ƙarar ruwa, da kiɗan Vangelis, da fuskar Ford a jiƙe yana kallon gawar. Abin dariyar shi ne, wannan zubi da aka tallata da sunan darakta ba Scott ne ya zauna a kansa har ƙarshe ba, sai a 2007 ya sami cikakken iko ya fitar da wani. Muryar dai bai dawo da ita ba.

Shi kuwa Legend, an daɗe ana zaton cikakken zubinsa ya salwanta, sai aka tsinci kwafi. A 2002 aka fitar da shi a faifan DVD, kusan minti 114, da kiɗan Goldsmith da waƙoƙin gimbiya. Ba a jefar da zubin Amurka ba. An sa shi a faifai na biyu cikin kwali ɗaya, da Tangerine Dream ɗinsa.