Bambaro, Ƙarfen da Ke Aron Bakin Mutum

Ran nan muna hira da 'yan wani aji a ƙasar Kiru bayan an tashi daga karatu. Muka ce, wa ya san bambaro? Dattawa suka yi murmushi. Samari kuwa suka dubi juna, ba su ce kome ba. Sai wani tsoho ya ce, sa'ad da yake yaro yana kiwon awaki, bambaro ba ya rabuwa da aljihunsa. Muka ce, ina yake yanzu? Ya ce, "Malam, ai ya daɗe da ɓata, ban kuwa sāke ganin mai sayarwa ba."

Wannan magana ta tsaya mana a rai. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi bayanin bambaro, da yadda ake kaɗa shi, da labarin wata ƙasa mai nisa inda mutane suka riƙe nasu da kyau.

Mene ne bambaro?

Bambaro ɗan ƙarfe ne, tsawonsa bai wuce na yatsa ba. Maƙeri ne ke ƙera shi. Yana lanƙwasa ƙarfe ya yi masa gindi zagayayye da ƙafafu biyu masu tafiya daidai da juna. Sa'an nan ya kafa wani siririn ƙarfe a gindin, ya bi ta tsakanin ƙafafun nan biyu. Shi ne harshen bambaro. Ana tanƙwara bakin harshen kaɗan, domin yatsa ya sami wurin bugu.

Aikin yana son haƙuri. In rata tsakanin harshe da ƙafafu ta yi yawa, murya ba za ta fita sosai ba. In kuwa ta matse ƙwarai, harshe zai riƙa gogar ƙafafu. Saboda haka maƙeri yakan yi ta gyara da magagari, yana gwadawa, har ya dace. Harshen kuma sai an yi shi da ƙarfen da in an tanƙwara shi yakan koma yadda yake.

Bambaro ba kiɗan fada ba ne kamar kakaki da tambari. Ba kuma kiɗan taro ba ne kamar kalangu. Muryarsa ƙarama ce. Mutum yakan kaɗa wa kansa, ko shi da abokansa biyu uku. Ba mu kaɗai muka san shi ba. Zabarmawa na ƙasar Nijar ma suna da shi.

Daga ina muryarsa take fitowa?

Ku riƙe bambaro a hannu ku bugi harshensa. Za ku ga yana rawa, amma da ƙyar za ku ji ƙara. To, ku ɗora shi a haƙora ku sāke bugawa. Nan da nan sai murya ta fito. Me ya sa?

Ku dubi gurmi. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da amo, sai an ɗaura ta a kan ƙwarya. Ƙwaryar ce ke ƙara mata murya. To, bambaro ba shi da ƙwarya tasa. Bakin mai kaɗawa shi ne ƙwaryarsa.

Ga wani abin mamaki kuma. Harshen bambaro murya ɗaya tak gare shi, ba ya sākewa. In dogo ne mai nauyi, muryar ta yi kauri. In gajere ne, ta yi siriri. Amma cikin muryar nan ɗaya akwai waɗansu ƙananan muryoyi a ɓoye. Baki ne ke zaɓen wadda zai fitar.

Kowa ya taɓa cika tulu a bakin rijiya ya san wannan. Da fari ƙarar ruwan mai kauri ce, domin cikin tulun da fili. Yana cika, fili yana raguwa, ƙara tana sirancewa. Har mai ɗiban ruwa yakan gane tulu ya kusa cika ko bai duba ba. Haka bakin mutum yake. In ka faɗaɗa cikinsa, murya ta yi ƙasa. In ka ƙuntata shi, ta yi sama.

Mun san wasula biyar: a, e, i, o, u. Ku ce "u", sa'an nan ku ce "i". Ku lura da yadda harshenku ya matsa gaba ya ɗaga. Abin da mai bambaro ke yi ke nan. Yana shirya bakinsa kamar zai faɗi wasali, amma ba ya fid da muryarsa. Ƙarfen ne ke faɗa masa.

Yadda ake kaɗawa

Na ɗaya, riƙe gindin da hannun hagu. Kada yatsunka su taɓa harshen.

Na biyu, buɗe haƙoranka kaɗan, ka jingina ƙafafun nan biyu a jikin haƙoran gaba, ɗaya a na sama, ɗaya a na ƙasa. Jinginawa za ka yi, ba cizo ba. Ka bar hanya yadda harshen ƙarfe zai shiga ya fita. Leɓɓanka su kwanta a kan ƙafafun.

Na uku, janye harshenka baya, kada ƙarfe ya buge shi.

Na huɗu, bugi bakin harshen bambaro da manuniyar hannun dama, a hankali, kai tsaye. In ka ji ƙarfe ya yi ƙwas a haƙori, ka tsaya ka gyara. Garaje yana iya ɓantare haƙori.

Na biyar, in bugu ya daidaita, sai ka shiga sāke cikin bakinka: u, o, a, e, i. Bayan haka ka gwada jan numfashi kaɗan da fid da shi tare da bugu. Za ka ji murya ta ƙara ƙarfi.

Kada ka yi fushi in ranar fari ba ka ji daɗinsa ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai gargaɗi guda. Abin baki ne, saboda haka kada a riƙa karɓa daga bakin wani a sa a baki ba a wanke ba, gama ta haka cuta take yaɗuwa. In an gama, a goge shi ya bushe, a ɗan shafa masa mai don kada ya yi tsatsa.

Bambaron mutanen Sisili

Yanzu bari mu ƙetare hamada mu ga wani wuri. A arewa da Afirka akwai teku da ake kira Bahar Rum. Tsibiri mafi girma cikinta shi ne Sisili, wani yanki na ƙasar Italiya. Tsakaninsa da Tunisiya kamar kilomita 150 ne, watau kusan tafiyar Kano zuwa Zariya. Musulmi daga Tunisiya sun shiga tsibirin a shekarar 827, suka ci babban birninsa Falarmo a 831. Mulkinsu bai ƙare sarai ba sai a 1091.

Mutanen Sisili suna da bambaro irin namu na ƙarfe, maƙeransu ne ke ƙerawa. Suna ce masa mar-ran-za-nu. Sauran mutanen Italiya kuwa sun sa masa suna mai ma'anar "mai korar tunani". Tun dā makiyayan tumaki da masu keken doki su ne aka fi sani da shi, domin su ne masu daɗewa su kaɗai a daji ko a hanya.

Amma su ba su bar shi kiɗan kaɗaici kawai ba. Suna haɗa shi da waƙa. Suna kuma haɗa shi da sarewar kara, da wani faffaɗan ganga mai kacau-kacau a gefe, da tulun ƙasa da ake hura wa iska. Akwai wata rawa tasu mai sauri da ake kira tarantela. Kiɗanta uku-uku yake tafiya: ɗaya biyu uku, ɗaya biyu uku. Mai bambaro ba ya bugun duka ukun da yatsa kullum. Yakan buga, sa'an nan ya cika sauran da numfashi, yana ja yana fitarwa da ƙarfi. Wannan shi ne sirrin kiɗansu.

Da motoci suka yawaita, keken doki ya ragu, masu kaɗa bambaro ma suka ragu. Masu shirya fim kuma suka riƙa sa muryarsa a labarin 'yan ta'adda, har waɗansu suka ɗauka kiɗan miyagu ne. Amma mutanen Sisili ba su sallama ba. A shekarar 2005 aka fara wani biki na bambaro a birnin Kataniya, gindin dutsen Etna mai aman wuta. Aka gayyato maƙera da makaɗa na gida da na ƙasashen waje, aka koya wa yara da manya.

Ba su kaɗai ba ne. A birnin Yakutsk na ƙasar Rasha, mutum 1,344 suka taru suka kaɗa bambaro tare a shekarar 2011. Masu kiɗan kudancin Indiya ma suna da nasu.

Mu fa?

Ku dubi kasuwanninmu, daga Kwanar Ɗangora zuwa Bebeji, daga Tudun Wada zuwa Doguwa. Har yau maƙera suna nan, suna ƙera fartanya da lauje da gatari. Yara masu kiwo ma suna nan, sai dai yanzu waya ce ke ɗebe wa da yawansu kewa. Ba mu ce waya mugun abu ba ce. Amma waya tana kawo maka kiɗan wani ne. Bambaro kuwa naka yake fitarwa, ba ya kuma neman caji.

Sana'a a hannu take zaune. In tsohon maƙeri ya rasu bai nuna wa ɗansa yadda ake daidaita harshen bambaro ba, sanin ya tafi da shi. Maƙeri kuwa ba ya ƙera abin da ba a tambaya ba. Ashe gyaran yana hannunmu. Mu tambaya. Mu kai wa maƙeri bayanin nan, mu ce ya gwada. Mu nemi dattijo ya nuna wa jikokinsa. Wanda ya iya alƙalami kuma ya rubuta abin da dattijon ya faɗa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Tambayoyi

1. Wa ke ƙera bambaro, da me kuma yake gyara shi?
2. Me ya sa ba a jin muryarsa sai an ɗora shi a haƙora?
3. Ina kamar baki da tulu?
4. Yaya sunan bambaro a Sisili? Rubuta shi gaɓa-gaɓa.
5. A wace shekara aka fara bikin Kataniya?

Aiki

Ka tambayi wani dattijo a garinku ko ya taɓa kaɗa bambaro, da inda ya samo shi. Rubuta amsarsa cikin layi uku, ka kawo aji mu karanta tare.