Dirowa Daga Jirgin Sama Da Laima: Wasa Ne Ko Ganganci?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani Alhaji mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano, wanda ya roƙi kada mu ambaci sunansa. Ya ce ɗansa da ke karatu a Amurka ya aiko masa da hoto mai motsi ta waya, ga shi ya faɗo daga jirgin sama ɗaure a jikin wani Bature, can daga baya laima ta buɗe suka sauka. Yanzu kuma yaron ya ce abin ya shiga ransa, yana son ya koya sosai ya riƙa yi duk ƙarshen mako. Alhaji yana tambaya, shin wannan wasa ne ko ganganci? Yaya ake yi ba a mutuwa? Kuma me ke sa mutum ya nace wa abin da ba ya kawo masa ko kwabo? Ya ƙara da cewa tun ranar da uwar yaron ta ga hoton ba ta sami barci ba.

To, Alhaji, mun gode da wannan takarda, Allah kuma ya kwantar da hankalin Hajiya.

Da farko dai abin ba sabo ba ne. Wani Bafaranshe mai suna Andre-Jak Garnerin shi ne ya fara sauka da laima daga can sama, a birnin Paris, ran 22 ga Oktoba, 1797. A lokacin babu jirgin sama, cikin balan-balan mai tashi da mutane ya hau, ya kai wajen ƙafa 3,000, sannan ya yanke igiya ya sauko da laimar siliki. Amma irin wanda ɗanka ya yi, wato mutum ya faɗo tukuna sannan ya buɗe laimar da hannunsa, an fi jingina farkonsa ga wani Ba'amurke, Lesli Irbin, a shekarar 1919 a jihar Ohayo. Ya sauka da ransa, sai dai ya karye a idon sawu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tsofaffin sojojin laima suka mai da abin wasa, har aka yi gasar duniya ta farko a 1951 a garin Bled na tsohuwar Yugoslabiya.

Kada ka haɗa shi da na soja. Sojan laima daga ƙasa-ƙasa yake dirowa, wajen ƙafa 1,000, kuma igiya ce ɗaure a jikin jirgin take fizge masa laimar yana fita, don so ake ya taɓa ƙasa da wuri kafin abokan gaba su harbe shi. Masu wasa kuwa daɗewar a sama suke nema. Jirginsu yakan kai ƙafa 13,000 ko 14,000, wato kimanin kilomita 4. Ka ƙaddara tafiyar awa guda a ƙafa, amma a miƙe sama. Sanyin wurin ma ya fi na tsakiyar hunturu.

Ga abin da ke ba mutane mamaki. Za ka zaci wanda ya faɗo gudunsa zai yi ta ƙaruwa har ya iso ƙasa. A'a. Iska tana tokare shi. Ka taɓa fid da hannu ta tagar mota tana gudu, ka ji yadda iska ke tura tafin hannunka baya? To haka take yi wa jikin mutum duka. Bayan daƙiƙa 12 ko kusa da haka, turin iska yakan yi daidai da nauyin mutum, sai gudun ya tsaya a wajen kilomita 200 a awa, in dai ya baje ne ruf-da-ciki, hannu da ƙafa a ware. In ya tsuke jiki ya yi kai ƙasa, gudun ya ƙaru. Ku manoma kun san wannan a wurin shiƙa: tsaba ta faɗi tsaye, ƙaiƙayi ya yi ta lilo a iska. Aikin laima ke nan, ta mai da mutum ƙaiƙayi. Faɗuwar nan ba laima minti ɗaya ce kacal. Daga nan a buɗe, a yi minti biyar ko shida ana saukowa a hankali.

Laimar yanzu ba zagayayya ba ce kamar ta ruwan sama. Mai kusurwa huɗu ce kamar katifa, da aljifai 7 ko 9 a jere, buɗe ta gaba. Iska ta shiga ta cika su, sai ta zama fiffike. Wani mutum mai suna Domina Jalbat ya ƙirƙiro wannan dabara a shekarun 1960. Tana da igiya biyu da ake riƙewa kamar linzami: ka ja ta dama ka juya dama, ka ja ta hagu ka juya hagu, in ka zo daf da ƙasa ka ja duka biyun ta rage gudu, ka sa ƙafa kamar yadda tantabara ke sauka a kan katanga.

Yanzu sai babbar tambayar, wadda muka san ita ce ta hana Hajiya barci: in laimar ta ƙi buɗewa fa?

Kowane mai dirowa laima biyu yake goyo a jaka ɗaya. Ta farko ita ce ta yau da kullum, shi da kansa yake naɗe ta. Ta biyu ta ko-ta-kwana ce, kuma ba kowa ke taɓa ta ba sai gwanin da ke da takardar izini. A dokar Amurka, ko ba a yi amfani da ita ba, tilas a warware ta a duba a sake naɗewa duk kwana 180, gwanin ya sa hannu ya ɗaura hatimi. Ta farkon takan ba da matsala kuwa, kusan sau ɗaya a dirowa dubu: igiyoyi su harɗe, ko ta buɗe a karkace tana juyi da mutum. In haka ta faru akwai mariƙi biyu a ƙirji. A ja na dama, lalatacciyar ta saki ta yi gaba, a ja na hagu, ta biyun ta fito. Wannan shi ne karatun da ake ta maimaita wa ɗalibi a ƙasa har hannunsa ya haddace.

In kuma mutum ya suma a sama, akwai wata 'yar na'ura a cikin jakar, ba ta fi akwatin ashana girma sosai ba, mai auna tsawo da gudu. Wadda ta fi suna ita ce CYPRES, wadda wani Bajamushe, Helmut Kulot, ya fito da ita a 1991. In ta ga mutum ya iso wajen ƙafa 750 daga ƙasa yana ta zuba gudu ba laima, sai ta yanke zaren da ya rufe ta biyun, ta buɗe da kanta.

To ana mutuwa? Ana yi, ba za mu ɓoye maka ba. Ƙungiyar masu wannan wasa ta Amurka, wadda ake kira USPA, ta ce a shekarar 2023 an yi dirowa kimanin miliyan 3.65 a ƙasar, mutum 10 suka rasu. Wato mutum ɗaya a dirowa 365,000. A shekarun 1970 kuwa sama da mutum 40 ke rasuwa kowace shekara, alhali masu yin ba su kai na yanzu yawa ba. Karaya da targaɗe a idon sawu sun fi haka yawa nesa ba kusa ba. Abin lura shi ne, da yawa daga waɗanda suka rasu laimarsu ta buɗe lafiya lau. Ƙwararru ne da suka koma ƙaramar laima mai gudu, suka yi juyin burgewa daf da ƙasa, lissafi ya kuɓuce. Ai gwanin iyo ma ruwa kan ci shi. Wanda aka goya kamar ɗanka, shi ne ya fi kowa aminci, don malamin da ya goya shi sai da ya yi dirowa 500 da shekara 3 a cikin harkar kafin a ba shi izinin ɗaukar mutum. Amma a ganinmu lissafin nan yana da wani gefe: wanda ya yi sau ɗaya ya ɗauki kasada sau ɗaya, wanda zai yi sau 100 a shekara ya ɗauka sau 100. Hukuncin abin a addini kuwa, wannan na malamai ne, mu namu bayanin yadda yake.

Batun nacewa, nan ne maganar take. Yawancin masu zuwa sau ɗaya suke yi, a ɗauki hoto, a aika gida, shi ke nan. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Dubai wataƙila sun ga irinsu suna sauka a bakin tsibirin nan mai siffar bishiyar dabino, kowa ya biya sama da dirhami 2,000. Wanda ke son ya zama ɗan hannu hanyarsa daban. Zai yi yini guda yana karatu a ƙasa, sannan ya fara dirowa da laimar kansa, malamai biyu suna riƙe da shi dama da hagu, daga baya ɗaya, har a sake shi. In ya cika 25 ya ci jarrabawa, a ba shi lasisin farko. Na biyu sai ya yi 50, na uku 200, na ƙarshe 500. Kowace dirowa sai an rubuta a littafi, wani ya sa hannu ya shaida.

Kuma wasan ba ya son a yi masa fashi. A ƙa'idar ƙungiyar, mai lasisin farko in ya yi kwana 60 bai diro ba, sai malami ya sake bi da shi kafin a ƙyale shi shi kaɗai. Mai na biyu kwana 90, manya kuwa wata 6. Dalili a fili yake: a sama ba lokacin tsayawa tunani, daƙiƙoƙi ne, abin da hannu ya saba shi zai yi. Don haka wanda ke zuwa jefi-jefi, sau uku ko huɗu a shekara, ya fi mai zuwa kullum shiga haɗari, kuma tsoron da ya riga ya bar shi sai ya dawo masa sabo. Ka ga ke nan, in yaro zai yi, ko dai ya yi sosai ko ya bari.

Abin da ya fi korar mutane kuwa aljihu ne. Koyo har a sami lasisin farko yakan ci dala 3,000 ko fiye. Sababbin kaya, laima biyu da jaka da na'urar nan, suna iya kaiwa dala 8,000 zuwa 10,000, shi ya sa da yawa ke fara da na hannu. Sannan duk hawa jirgi sai an biya wajen dala 30. Kai ɗan kasuwa ne, buga shi da kuɗin buhu ka gani. Wasu matasa naɗe wa mutane laima suke yi a biya su, da kuɗin su hau jirgi. Sai kuma zaman jira. Mutum ya yi tafiyar awa biyu zuwa filin, hadari ya rufe sama, ko iska ta wuce mil 14 a awa, wadda ita ce iyakar ɗalibi, ya yini a zaune ya koma gida bai tashi ba. Daga baya aure ya zo, 'ya'ya su zo, aiki ya yi yawa.

Waɗanda suka daure fa, me ya riƙe su? Mu dai abin da ya fi kama da shi a wurinmu shi ne kiwon doki. Mai doki ya san ba riba, ga dawa ga harawa ga kanwa ga kuɗin mai kula, ga kaye, amma je ka ce masa ya sayar. Su ma masu laima sukan ce a cikin minti ɗayan nan ba bashi, ba jarrabawa, ba komai a ran mutum sai abin da ke gabansa. Ga zumunci, tunda kowa sai ɗan'uwansa ya duba masa ƙugiyoyi da mariƙai kafin a buɗe ƙofar jirgi. Ga kuma koyon da ba ya ƙarewa: a kama hannu a yi siffa a sama, a yi gasar sauka a kan ɗan faifai. A Fabrairun 2006, a garin Udon Tani na ƙasar Tailan, mutum 400 suka riƙe juna a sama lokaci guda. Wani Ba'amurke, Don Kelna, kafin ya rasu a 2021 ya yi dirowa sama da 45,000. Tsohon shugaban Amurka Joj Bush babba, wanda a 1944 laima ta cece shi da aka harbo jirginsa a yaƙi, ya sake dirowa a goye ranar da ya cika shekara 90, a 2014.

Shawararmu, Alhaji, in ka kira shi kada ka fara da faɗa, tambayoyi za ka yi masa. Filin da yake zuwa yana ƙarƙashin ƙungiyar nan? Jakar da zai goya tana da na'urar buɗe ta biyu? Yaushe aka naɗe ta biyun? Akwai ɗan kati a jikin jakar mai kwanan wata, ya ɗauko maka hotonsa. Likita ya duba shi? Mai ciwon zuciya ko farfaɗiya ko hawan jini mai tsanani ba nasa ba ne. Inshorar lafiyarsa ta ɗalibi ta ɗauki raunin irin wannan wasa? Wasu ba sa ɗauka, asibitin Amurka kuwa karayar ƙafa ɗaya sai ta cinye kuɗin makarantar shekara. In ka ji yana zancen ɗaura kyamara a ka, ko sa rigar nan mai fiffike, tun bai cika dirowa 200 ba, to ya tsallake ƙa'ida, nan ka tsawata. In kuwa ya ambaci dirowa daga kan dutse ko dogon bene ko gada, wannan wani wasa ne daban, galibi laima ɗaya ce ba ta biyu, ba kuma tsawon da za a gyara kuskure. Wannan kam kada ka yarda.

Sai kuma ku yi magana a kan kuɗin, daga ina za su fito, don kada na karatu su bi iska.

Da fatan Alhaji da Hajiya sun gamsu. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu amsa takardar wani manomi daga Maraɗi da ke tambaya a kan ƙwarin da ke huda wake a rumbu.