Sanin Kaya Kafin Taya: Jan Hankali ga Masu Sayen Aikin Hannu a Ƙasar Gobir

Ƙasar Isa da Sabon Birni, wadda take gabashin Jihar Sakkwato a kan iyakar Nijeriya da Nijar, yanki ce na tsohuwar daular Gobir da birninta Alƙalawa ya faɗi a 1808, kuma har yau rayuwar mutanenta a ɗaure take da kasuwannin mako-mako, irin su kasuwar Shinkafi mai ci ranar Alhamis da waɗanda ke kan hanyar Maraɗi. A can ake sayen tabarma da faifai da malfa da turmi da tukwane da takalman fata, musamman da kaka da lokacin haɗa kayan ɗakin amarya. Sai dai kayan kamfani na roba da leda sun cika rumfuna, wasunsu an yi su da kamannin aikin hannu, ta yadda wanda bai san yadda ake yin abu ba, yana iya biyan kuɗin na ainihi ya koma gida da jabu.

Fata ce aka fi yin wannan ruɗi a kanta, domin ita ce mafi daraja. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi suna tun zamanin da fatake ke ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta arewacin Afirka take isa gare su. Majema suna jiƙa fata a ruwan toka don cire gashi, sannan su jeme ta da bagaruwa, wadda ke hana ta ruɓewa, kafin a rina ta ja da karan dafi, wato wani nau'in dawa da ake shukawa don launinsa, daga nan ta wuce hannun dukawa. Fatar da ta bi waɗannan matakai tana da warin jima, cikinta yana da kaushi-kaushi, kuma idan aka lanƙwasa ta takan yi tamoji ta koma daidai, alhali ta kamfani ƙyalle ne a cikinta aka shafe da roba, wadda ke ɓarewa bayan 'yan watanni. Ya kamata mai saye ya juya cikin takalmi ko jaka, ya duba ko ɗinki ne ya riƙe su ko gam.

Tufa ma tana da alamominta. Saƙar hannu tana fitowa ne a siraran layuka da ake haɗawa gefe da gefe, kuma adonta yana bayyana ciki da waje, saɓanin yadin da inji ya buga wa zane a fuska ɗaya. Rinin baba, irin wanda marinar Ƙofar Mata ta Kano ta shahara da shi, yakan ɗan bar shuni a hannu yana sabo, don haka wannan ba aibi ba ne. Tukunya da tulu kuwa ƙwanƙwasa su ake yi, domin wanda ya gasu sosai yana da ƙara mai tsini, mai tsaga kuma sautinsa a dushe yake. Turmin ƙirya an san shi da nauyi da ƙarko, amma wanda aka sassaƙa da ɗanyen itace yakan tsage da shigowar hunturu. Tabarmar kaba, wato ganyen goruba, ana ɗaga ta ne a rana, idan haske ya ratsa ta da yawa to saƙar ba ta matsu ba.

Bayan an gamsu da kaya ne ake shiga ciniki, kuma mai hankali yakan zagaya rumfuna ya ji farashi kafin ya taya. Idan mai kaya ya ce albarka, tayin bai kai ba, idan kuma ya sallama, ciniki ya faɗa, kuma abin kunya ne mutum ya janye bayan an sallama masa. Inda dillali ya shiga tsakani, wajibi ne a san la'adarsa, wato ladan da yake karɓa, da wanda zai biya ta. Akwai kuma dabarar da malaman fiƙihu ke kira najashi, inda wanda ba shi da niyyar saye yake ƙara tayi don ya zuga mai saye na gaskiya. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamai na wannan ƙasa, ya hana algus da ɓoye aibi, kuma a mazhabar Malikiyya wanda ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da ikon mayar da kaya. Saboda haka yana da kyau a yi babban ciniki gaban shaida, a kai ƙorafi ga sarkin kasuwa idan saɓani ya taso.

Kusancin iyaka yana kawo wani abin lura game da kuɗi. A Nijar ana ƙirga sefa da dala, kowace dala sefa 5, don haka wanda ya ce ɗari yana nufin sefa 500, kuma dole a tantance da wane kuɗi ake magana tun farko. Sefa a ɗaure take da yuro, shi ya sa faɗuwar naira tun 2023 ta ɗaga farashin kayan Maraɗi, kamar yadda rufe iyaka a 2019 da 2023 ya yi. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura jama'a ga biya ta waya, wanda ya zo da saƙonnin banki na bogi, don haka kada a rabu sai ɓangarorin biyu sun tabbatar kuɗi sun shiga asusu. Matsalar tsaro a hanyoyin yankin kuma ta sa hikima ce a rage ɗaukar tsabar kuɗi, a gama ciniki da sauran rana.

Neman rangwame haƙƙin mai saye ne, amma yana da iyaka. Macen da ta yi kwanaki tana saƙa faifai, ko maƙerin da ke sayen ƙarfe da gawayi da tsada, idan aka matsa musu suka sayar ƙasa da abin da suka kashe, ko dai su rage ingancin aiki ko su bar sana'ar, kuma mai saye ne zai ɗanɗana kuɗarsa gobe. Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, don haka abin da ya dace a lissafa shi ne shekarun da kaya zai yi yana aiki. Wanda ya sayi turmi ɗaya mai ƙarko kai tsaye daga hannun masassaƙi ya fi wanda ya sayi uku masu araha riba, kuma ya taimaka wa sana'ar ta ɗore.