Haɗakar Hanyoyin Samar da Wutar Lantarki a Karkara

Gabatarwa

Duk malamin da aka tura aiki ƙauye mai nisa ya san illar rashin wuta. Ɗalibi ba ya iya bitar karatu da dare, allurar rigakafi kuma takan lalace a ɗakin shan magani saboda rashin firji. Jawo wuta daga birni zuwa irin wannan wuri yana da tsada ƙwarai, domin za a kafa turaku masu yawa saboda gidaje ƙalilan. Wannan ne ya sa aka koma ga kafa ƙananan tashoshi a cikin ƙauyukan kansu.

Ma'anar Haɗaka

Haɗaka a nan tana nufin gwama hanyoyi biyu ko fiye na samar da lantarki a tasha guda, kamar hasken rana da iska, ko hasken rana da janareta. Dalili shi ne kowace hanya tana da nata rauni. Rana takan faɗi, hadarin damina da hazon hunturu sukan dushe haskenta, iska takan tsaya, man janareta kuwa ga tsada ga hayaƙi. Da ma Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yadda Tashar Take Aiki

Da hantsi, farantan sola suna mayar da hasken rana lantarki. Gidaje da shaguna su sha abin da suke bukata, ragowar kuma a tara a batura. Akwai wata na'ura da ake kira inbata, wadda take juya wutar farantai da ta batura zuwa irin wadda firji da injin niƙa suke amfani da ita. Idan dare ya yi, batura su karɓi aiki. Sai sun yi ƙasa sannan janareta ya tashi. Ta haka man da ake ƙonawa yake raguwa, wuta kuma ba ta yankewa.

Misali, a watan Disamba na 2019 aka ƙaddamar da irin wannan tasha mai ƙarfin kilowat 64 a Rokota, cikin ƙaramar hukumar Edati ta jihar Neja, ƙarƙashin shirin Hukumar Samar da Lantarki a Karkara wanda Bankin Duniya ya tallafa wa.

Kammalawa

Kafa tasha ba shi ne ƙarshen aiki ba. Ƙura tana rage ƙarfin farantai idan ba a goge su, zafi yana gajarta rayuwar batura, kuma sauya su sai da kuɗi. Saboda haka, ɗorewar tasha ta dogara ga kulawar jama'a da biyan kuɗin wuta a kan kari. A nan malami yake da rawar takawa, domin shi ne ake saurara a aji da kuma dandali.

Tambayoyi

1. Me ya sa hanya ɗaya ba ta wadatarwa?
2. Bayyana aikin batura da na inbata.