Kafin ka biya kuɗin injin Beljiyam

Injin a-kori-kurarka ya buga tsakanin Moriki da Shinkafi, ka tafi Ƙofar Ruwa a Kano neman na Beljiyam? Kada daɗin ƙararsa ya ruɗe ka, baƙin mai mai kauri yana ɓoye aibi.

Ka sa a haɗa batir a tayar da shi a gabanka. Kwance murfin baƙin mai, ka aza shi a bakin kawai. In yana tsalle, hayaƙi na tultulowa, ringin fistan sun cinye ke nan: iskar ƙonuwar da ya kamata ta tura fistan tana zurarewa ƙasa. Irin wannan injin, ɗora masa buhunan gero ka ga yadda zai yi nishi, ga shan mai. Ka kuma leƙa ƙarƙashin murfin. In ya yi fari-fari kamar madara, ruwa na shiga mai, sau da yawa gaskit ne ya ƙone.